Gasar ƙananan hukumomi wajen janyo masana'antu: arziki take tarawa ko bashi take bari?

Injiniya Bashir

Assalamu alaikum jama'a. Ga wata magana da nake so masu sani su sa baki a cikinta. Duk ƙasar da aka raba mulki tsakanin gwamnatin tsakiya da na ƙasa da ita, jihohi ne ko larduna ko gundumomi, za ka tarar maƙwabta na rige-rigen janyo masu jari. Wannan ya ce zo ga fili kyauta. Wancan ya ce na ɗauke maka haraji na shekara goma. Na uku ba zai rubuta a takarda ba, amma mai jari ya fahimci cewa babu wanda zai zo duba bututun hayaƙinsa ko inda yake zubar da ruwan dagwalonsa. Masana'anta ta zo, an yi bikin buɗewa, alƙaluma sun tashi, shugaba ya sami abin faɗa.

Abin da ke damuna shi ne lissafin da ba a yi. In aka cire kogin da ya mutu, da kuɗin maganin masu ciwon ƙirji, da gonakin da suka daina ba da amfani, me ya rage na ribar? Ni a ganina wannan gasa tana cinye fiye da abin da take kawowa. Wanda ke da hujja a kan akasin haka, ina sauraro.

Abu Safwan

Wa alaikumus salam Injiniya. Ni ina da ja. Shugaban da ba shi da abokin gasa barci yake yi. Tun 1956 masanin tattalin arziki Charles Tiebout ya kawo hujjar cewa in mutane na iya tashi daga wata hukuma su koma wata, dole kowace ta gyara aikinta don kada a watse a bar ta. Kuma dubi ƙasar Sin. Babban abin da ya tura bunƙasarta shi ne gasar larduna da birane. Kana so a ce duk wannan asara ce?

Nura

Yaya Bashir, kafin ku yi nisa a taimaka wa irinmu. Yaya ake auna abin da kake nufi? Ai gurɓata muhalli ba ta da rasit.

Dakta Umma

Tambayarka ita ce ƙofar maganar, Nura. Masana na da wani awo na ingancin samarwa: nawa ka zuba na ma'aikata, injuna, makamashi da fili, nawa kuma ya fito. Wanda ya fitar da kaya da yawa daga abu kaɗan, shi ne mai inganci. Tsohon lissafi a nan yake tsayawa. Sabon lissafi ya ce a'a, abin da ke fita daga masana'anta iri biyu ne, akwai kayan da ake so, akwai kuma hayaƙi da dagwalo da gubar da ba a so, kuma dukkansu za a rubuta.

Ɗauki masana'antu biyu masu ma'aikata daidai da injuna daidai, kowace na fitar da tan dubu na takarda. Ta farko ta sayi na'urar tace ruwa tana biyan wutarta, ta biyu tana sakin ruwan kai tsaye cikin kogi. A tsohon lissafi ta biyu ce gwana, domin ta kashe kuɗi kaɗan. A sabon lissafi ta farko ce a gaba, domin ta fitar da kaya iri ɗaya da ɓarna kaɗan. Ta biyu ba ta rage tsadar yin takarda ba ko kaɗan, ta dai miƙa wa masunta da masu shan ruwa wani ɓangare na kuɗin su biya.

To yanzu ka ga inda gasa ta shigo. In ana yaba shugaban gunduma da tsohon lissafi, masana'anta ta biyu zai je nema.

Injiniya Bashir

Allah ya ƙara sani, Dakta. Abu Safwan, misalin Sin da ka kawo ai nawa ne. A 1994 aka sake tsarin rabon haraji a can, gwamnatin tsakiya ta ɗauki kashi 75 na harajin da ake ɗora wa kaya a kowane mataki, ta bar wa na ƙasa kashi 25, amma nauyin makarantu, asibitoci da hanyoyi ya ci gaba da zama a wuyansu. Me ya rage musu? Fili. Sai suka riƙa ba masana'antu fili da araha don su zo, suna sayar da filin gidaje da tsada don cike giɓi. A gefe guda kuma ƙarin girma na jami'i ya rataya sosai a kan yadda tattalin arzikin yankinsa ya tashi idan aka gwada da na maƙwabta. Jami'in nan shekaru kaɗan zai yi a kujerar a ɗauke shi. Masana'antar siminti ko ta ƙarfe tana ɗaga alƙaluma a cikin wa'adinsa, cutar da za ta haifar kuwa sai bayan ya tafi.

A watan Mayu na 2007 gansakuka ta rufe tafkin Taihu saboda dagwalon masana'antu da na gidaje da takin gonaki da aka daɗe ana zubawa, ruwan famfo a birnin Wuxi ya yi wari, mutane kimanin miliyan 2 suka kwana da yini ba su da na sha. Wuxi na cikin biranen da suka fi arziki a ƙasar. Ta ci gasar da aka sa mata.

Abu Safwan

To amma ka tsaya a tsakiyar labari. Bayan wannan abin, a Wuxi ɗin aka fara ɗora wa kowane babban jami'i alhakin wani kogi da sunansa, a kafa allo a bakin ruwa kowa ya gani. A ƙarshen 2016 aka ce duk ƙasar ta bi. Haka batun iska: daga 2013 aka sa wa yankuna adadin da za su rage, aka riƙa wallafa jerin biranen da suka fi ƙazantar iska. Ƙurar nan mai laushi da ke shiga huhu a Beijin ta sauko daga kusan 90 a ma'aunin shekara a 2013 zuwa 58 a 2017, daga baya ta kai wajen 30. Su waye suka yi wannan aikin? Jami'an nan ne dai masu gasa. An sauya musu abin da za su yi gasa a kai, suka juya da gudunsu.

Hajiya Larai

Sannunku da ƙoƙari, 'ya'yana. Ni ba masaniyar lissafi ba ce, amma akwai abin da ban ji kun taɓa ba. Ruwa ba ya tsayawa a kan iyaka, iska ma haka. Hausawa na cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, to a wannan harka ba bakinsa ba ne, bakin wanda ke ƙasa da shi a kogi ne. Abu Safwan, da iskar Beijin ta gyaru, masana'antun rufe su aka yi ko kuwa matsar da su aka yi?

Dakta Umma

Hajiya, ranki ya daɗe, kin taɓo jijiyar. Duka biyun an yi. An rufe da yawa, an daina ƙona gawayin kwal a gidaje da tukwanen dumama, wannan gyara ne na gaske. Amma babban kamfanin ƙarfe na Shougang, alal misali, ɗauke shi aka yi daga Beijin aka kai gaɓar teku a lardin Hebei, aikin da aka kammala wajen 2010. An sa masa sababbin injuna, gaskiya ne, amma a littafin Beijin hayaƙin ya ɓace gaba ɗaya, a littafin Hebei kuma ya bayyana.

Kuma abin da kika faɗa game da kogi an gwada shi da alƙaluma. A Birazil masu bincike sun bi tashoshin auna ruwa a lokacin da ake ta ƙirƙiro sababbin gundumomi. Suka ga cewa kogi na ƙara ƙazanta yayin da yake dosar inda zai fita daga gunduma, kuma duk sabuwar iyakar da aka ja a kansa tana ƙara masa dauɗa. Dalilin a fili yake: shugaba na tsananta doka inda mutanensa za su sha ruwan, ya sassauta inda ruwan zai wuce ga wasu. A Indunusiya kuma, inda aka sauke iko ga gundumomi daga 2001, yawansu ya tashi daga ƙasa da 300 a 1998 zuwa kusan 500 cikin shekara goma. Wani bincike da aka wallafa a 2012, wanda ya yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna cewa lardin da aka ƙara wa gundumomi sare daji na ƙaruwa a cikinsa, farashin katako na sauka. Da can mai saran itace hukuma ɗaya zai nema, yanzu in wannan ta hana shi sai ya tsallaka wajen ta gaba.

Nura

Ke nan rarraba iko ne matsalar? A mayar da komai hannun gwamnatin tsakiya?

Malam Isiyaku

A'a Nura, kada ka yi saurin zuwa can. Na daɗe ina karantawa ban yi magana ba, amma wannan sai na ce wani abu. Umarni daga sama ma yana da nasa ciwon, kuma a wajen jami'an da ke tsoron a wuce su yake fitowa.

Sin ta ɗauki alkawarin rage makamashin da ake ƙonawa a kan kowane awo na arziki da kashi 20 tsakanin 2006 da 2010. Da shekarar ƙarshe ta zo wasu yankuna suka ga ba za su kai ba, sai suka shiga yanke wuta. A gundumar Anping ta Hebei har gidaje da asibitoci da fitilun kan hanya abin ya shafa. Masana'antu suka sayi janareto, man dizal ya yi ƙaranci, hayaƙin da ake son ragewa ya fito ta wata ƙofa. A takarda an kusa cika alkawari, a zahiri an yi asarar samarwa kuma an ƙara ƙazanta, wato an faɗi ta ɓangare biyu na lissafin da Dakta ta bayyana. A hunturun 2017 an sake ganin irinsa, aka cire murhun kwal a ƙauyukan arewacin ƙasar kafin iskar gas ta iso, yara suka yi karatu cikin sanyi.

Akwai wanda ya fi wannan muni. A 2016 an kama jami'ai a birnin Xi'an suna cusa auduga a bakin na'urar auna iska don ta nuna tsafta, aka ɗaure su. A wannan shekarar gwamnatin tsakiya ta karɓe kula da tashoshin awo sama da 1,400 daga hannun hukumomin yankuna. Wannan matakin ni ya fi burge ni a kan duk wani sabon adadi da aka sa. Wanda ake gwadawa bai kamata ma'aunin ya zauna a ofishinsa ba.

Abu Safwan

Malam Isiyaku, ban musa ko ɗaya ba. Amma ku bar ni in kawo abin da ya fi ƙarfi a wajena. Allon wutar sola da duniya ke saye da araha yau, daga ina ya fito? Birane da larduna na Sin ne suka yi ta rige-rigen kafa masana'antunsa, suna ba da fili, da wuta mai sauƙi, da lamuni. Farashinsa ya faɗi da kusan kashi 90 tsakanin 2010 da 2020, kuma fiye da kashi 80 na aikin ƙera shi a can ake yi. Motocin lantarki ma haka, a 2020 birnin Hefei da abokan jarinsa suka zuba yuwan biliyan 7 a kamfanin NIO lokacin da yake gab da durƙushewa. Wace gwamnatin tsakiya ce, ita kaɗai a zaune a ofis, za ta iya haifar da wannan?

Sannan ba Sin kaɗai ba. Kalifoniya ta riga gwamnatin Amurka sa doka a kan hayaƙin mota, aka ba ta izinin tsananta tata, kuma tun 1977 doka ta yarda sauran jihohi su bi ta. Fiye da goma suka bi. Kamfanonin mota ba su gudu ba, gyara injunansu suka yi, domin kasuwar ta fi ƙarfin a bar ta.

Injiniya Bashir

Kalifoniya ta iya ne saboda mai sayar da mota ba shi da yadda zai yi, masu sayen suna can. Mai kafa masana'anta kuwa yana da zaɓi, shi ya sa shi ke juya hukumomi. Dubi jihar Wiskonsin ta Amurka a 2017. Foxconn, mai haɗa kayan lantarki, ta yi alkawarin jarin dala biliyan 10 da ayyuka 13,000, jihar ta amince da tallafi har kusan dala biliyan 3, kuma ta ɗauke wa aikin wasu sharuɗɗan muhalli, ciki har da binciken illar aikin da izinin cike fadama. Aka tashi mutane daga gidajensu, aka shimfiɗa hanyoyi da bututun ruwa. A 2021 aka sake yarjejeniya, ayyukan suka koma 1,454. Filin da aka share ba ya komawa yadda yake don an sake takarda.

Birazil ta yi shekaru a irin wannan yaƙi na haraji tsakanin jihohi. Ford, mai ƙera motoci, ta fasa kafa masana'anta a Rio Grande do Sul ta tafi Bahia saboda tayin da ya fi, ta buɗe a 2001, ta rufe a 2021. A birnin Kansas na Amurka kuwa, wanda iyakar jihohi biyu ta ratsa, an yi ta biyan kamfanoni su tsallaka titi daga wannan gefe zuwa wancan, babu sabon aiki ko ɗaya ga yankin, sai a 2019 jihohin suka yi sulhu. Kuɗin da aka yafe a irin wannan ciniki shi ne kuɗin da za a gina matatar dagwalo da shi, a biya masu duba masana'antu.

Batun sola kuma, ka manta da gawarwakin da ke hanya. Suntech, wadda Wuxi ta raina har ta zama ta ɗaya a duniya, ta karye a 2013. Kowane birni ya so nasa kamfanin, aka gina fiye da abin da kasuwa za ta ɗauka, kuma hukuma ba ta barin nata ya mutu ko da ya gaza, domin ma'aikata da bashin banki na wuyanta. Jarin da ke kwance a masana'antar da ba ta aiki asara ce a kowane lissafi.

Abu Safwan

Asara ce ga birnin da ya zuba, riba ce ga duk wanda ya sayi allon da araha a faɗin duniya. Ya danganta da inda ka ja iyakar lissafinka, Injiniya.

Dakta Umma

Wannan gaskiya ce, kuma ita ce maganar Hajiya ta ɗaya fuskar. Ɓarna na tsallaka iyaka, amfani ma na tsallakawa, shugaban yanki kuwa abin da ya faɗo cikin iyakarsa kawai ake tambayarsa. Shi ya sa ni gyaran da ya fi gamsar da ni shi ne wanda ke sa kuɗi su bi ruwa da daji.

Jihar Parana ta Birazil ta fara a 1991: kashi 5 na rabon harajin da ke zuwa ga gundumomi ana raba shi ne bisa ga wuraren da aka keɓe don kare daji da mafarin ruwan sha. Gundumar da a da take ganin dajinta ya hana ta masana'anta, sai ya zama dajin na kawo mata kaso. Jihohi da dama suka kwaikwaya. Indiya ta sa yawan daji a cikin ma'aunin rabon kuɗi tsakanin jihohi, kashi 7.5 daga 2015, daga baya aka ɗaga zuwa 10.

Wanda na fi so shi ne na kogin Xin'an na ƙasar Sin, wanda ke tasowa daga lardin Anhui ya zuba a tafkin Qiandao na Zhejiang. Daga 2012 aka yi yarjejeniya: a zagayen farko gwamnatin tsakiya ta riƙa ba da yuwan miliyan 300 a shekara, kowane lardi ya ajiye miliyan 100. Ana auna ruwan a kan iyaka, ɓangarorin biyu na wurin. In ya kai ingancin da aka yarda, Zhejiang ta biya Anhui, in ya gaza Anhui ta biya. Daga ranar, duk masana'antar da Anhui za ta karɓa a bakin kogin tana da farashi a kasafin kuɗinta.

Malam Isiyaku

Sai dai a lura, Dakta, ko a nan jami'i na bin inda na'ura take. Binciken da aka yi a kan tashoshin auna ruwa a Sin ya nuna masana'antun da ke sama da tasha ana matsa musu sosai har ingancinsu na tsohon lissafi ya ragu, waɗanda ke ƙasa da ita kaɗan kuwa ana barin su, domin dagwalonsu ba ya bi ta gaban na'urar. Masana'antu iri ɗaya, tazara kaɗan, doka biyu. Wannan ma ɓarnar jari ce, domin mai tsafta da mai ƙazanta ba a bambanta su da aikinsu, sai da wurin zamansu.

Hajiya Larai

To ni abin da ya tsaya min a rai ke nan. Iska ana ganinta, kogi ana jin warinsa, mutane za su yi ƙorafi a sa na'ura. Ƙasar noma fa, da ruwan da ke ƙarƙashinta? Gubar da ta shiga can shiru take yi, shugaban da ya kawo masana'antar ya daɗe da samun ƙarin girma kafin a gane. Wa ake tambaya?

Dakta Umma

A nan aka fi jinkiri, Hajiya. Sin ta fitar da sakamakon binciken ƙasarta a watan Afrilu na 2014: kashi 16.1 na wuraren da aka ɗebi samfuri sun wuce ƙa'ida, a gonaki kuma kashi 19.4, mafi yawa ƙarafa masu guba irin su kadmiyom. Dokar kare ƙasa daga gurɓata ba ta fara aiki ba sai Janairun 2019. A 2015 sun fito da tsarin bin jami'i da alhakin ɓarnar muhalli ko ya bar kujera ko ya yi ritaya, da kuma binciken albarkatun yanki a lokacin da zai sauka. Wahalar ita ce tabbatar da wa ya yi: fili ɗaya ya ga shugabanni huɗu ko biyar da masana'antu da dama, wasunsu sun rufe tuni. Wanke irin wannan ƙasa kuma yana da tsada ƙwarai, kuma sau da yawa hukumar da ta ba da filin da araha ita ce ake bari da biyan kuɗin.

Nura

Yaya Bashir, Abu Safwan, ina da sauran tambaya a kan yarjejeniyar Xin'an. A can akwai gwamnatin tsakiya mai ƙarfi da ta zaunar da su ta kuma sa nata kuɗin. Inda lardin da ke ƙasa ya fi na sama talauci, ba shi da abin biya, da me zai sayi ruwa mai tsafta?